Zuwa ga Razdan na Tudun Wada, Mai Malafar Gwamna Lugga

Razdan, ranka ya daɗe. Ko da yake hulunanka ya kamata in fara gaisarwa, tunda na ji yanzu su ne masu gidan, kai ɗan haya ne a ciki. Ina yi maka gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, wadda ba a tsugunawa. Ya Zariya, ya rake, ya dogon nahawu?

Labarinka ya riga ka isowa Kano. Hajiya matarka ce ta bugo wa uwargidana waya, murya na rawa, wai ka kwashe mata tangaran ɗin aurenta daga kabad mai gilashi na falo, ka tura su ƙarƙashin gado, ka jera waɗansu tsofaffin huluna masu warin ɗakin kaka. Wai har ƙwan fitila ka sa musu a ciki don kada su ji tsoron duhu, alhali ɗakin girki watansa biyu ana tuƙa tuwo da hasken waya. Na ce a'a, ƙazafi ne, Razdan mutum ne mai hankali. Sai na tuna Bazazzage ne, na ɗauki mukullin mota.

Ka tuna yadda ka tarbe ni. Ban gama sallama ba ka fito da farar safar hannu kamar mai shirin yi wa wani tiyata. Ko ruwa ba ka ba ni ba, ka ja ni gaban kabad, na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya, ka daka mini tsawa: "Kada ka taɓa mini hula na!" Hula na. Shekara talatin ina koya maka cewa hula mace ce, a ce hulata, abin ya ƙi zama. Ku da ake cewa garin ilimi, a nan kullum kuke faɗuwa jarrabawa. To, na ƙirga su, goma sha ɗaya ne cif. Ka yi mini lacca ta awa biyu a tsaye, ni kuwa na yi shiru irin na baƙo mai ladabi. Yau ranar ramuwa ce, sai ka gyara zama.

Mu fara da sarauniyar kabad, wadda ka ɗora a bene na sama ita kaɗai: malafar Gwamna Lugga. Ka ce a Kano ka saye ta, wajen wani dattijon dillali da ya rantse maka kakansa ne kukun Lugga a Zungeru, kuma ranar da Bature zai tafi ya cire ta daga kansa ya ba shi, yana hawaye. Ka ba da kuɗin ɗan maraƙi, ka dawo gida kana murmushi wai ka cuci Bakano. Allah sarki. Razdan, da a ce duk masu cewa kakansu ne kukun Lugga gaskiya suke faɗi, da mutumin nan bai samu lokacin mulki ba, cin abinci kawai ya zo yi. Ni kaina na san jikokin kukun nan guda huɗu, kuma ba su san juna ba.

Da ka shiga ciki amsa kiran Hajiya, na cire tsoronka na juya malafar. Abin da ya kamata ka yi ke nan tun a gaban dillali, domin hula daga cikinta ake karanta ta, waje na masu kallo ne. Amma bari in koma baya kaɗan, in yi maka karatun da ka biya kuɗin maraƙi ba a yi maka ba.

Malafar nan ta Turawan mulki a Indiya ta yi ƙarfi, a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai wani tsiro na fadama a yankin Bengal, sunansa shola, cikinsa fari fat, ba nauyi, kamar totuwar karan dawa da muke yin motar wasa da ita muna yara. Shi ake yankawa falle-falle, a manna a kan ƙira, a lulluɓe da yadi. Waɗanda aka yi a Ingila kuwa da ɓawon wata bishiya ta Fotugal da Sifen ake yin su, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, kuma ya fi totuwa jure wahala. A 1877 sojan Ingila ya mayar da farar malafa doguwa ta zama hular aiki a ƙasashen zafi. Da aka je yaƙin Zulu a 1879, sojoji suka ga farin nan daga nesa yake kiran mashi, sai suka riƙa rina ta da ruwan shayi don ta dusashe. Riƙe wannan maganar ta shayi, za mu dawo kanta.

Daga baya wata ƙira ta zo ta ture doguwar, ita ce ake kira Wolseley, wadda ta zama ruwan dare a farkon ƙarni na 20. Sunan Janar Garnet Wolseley ta ci, wanda ya ƙone Kumasi a 1874, yaƙin da Kyaftin Glover ya shiga da rundunarsa ta Hausawa daga wajen kogin Volta. Ana gane ta da bakinta: gaba ya ɗan yi tsini, baya ya zube ya yi faɗi don ya rufe ƙeya. A tsakiyar kai akwai wani maɓalli da ake murɗewa ya fita, ƙofar iska ce, ranar fareti kuma a nan ake ɗaura tsinken tagulla. An naɗa mata siririn rawani ninki-ninki. Ƙarƙashin bakin yawanci koren yadi ne don ya huta da ido. Fatar da ke zagaye goshi ba a manne take da jikin hular ba, an bar rata a tsakani don iska ta ratsa. Idan ta gwamnati ce da aka raba wa ƙaramin soja, za ka ga hatimi a ciki mai kama da sawun kaza, layi uku da suka haɗu a sama, alamar kayan gwamnatin Ingila, sau da yawa da shekara a kusa. Hafsa kuwa da kuɗinsa yake sayen tasa a kantin masu ɗinkin kayan soja na Landan, irin su Hawkes, sai ka ga sunan kanti a ciki.

To ka ga inda ɗan'uwana dillali ya yi zalama. Don ya burge ka, ya buga wa malafar Lugga sawun kaza har biyu. Wato Gwamna guda ya bi layi a sito ya karɓi hula tare da kuratan soja. Na ja wani zare da ya fito a gefen rawanin, na kai shi bakin ashana. Zaren auduga toka yake zama. Naka ya narke ya dunƙule kamar ledar da ta faɗa murhu. Na sunsuna yadin, sai ga ƙamshin citta da kanumfari. Shi ma da shayi ya tsufar da ita, sai dai nasa na mai shayin bakin tasha ne, har da kayan ƙamshi. Da na ɗaga fatar goshi kuwa, wadda ita ma roba ce, sai ga guntun farin ƙyalle da almakashi ya manta, da sunan ƙasar da aka yi ta: Biyetnam. Can ake buga irinsu dubu-dubu har gobe, don 'yan yawon buɗe ido da masu shirya fim da Zage-zagi.

Kada ranka ya ɓaci. Malafa ce mai kyau, tana tare rana tsaf, kuma ta yi maka kyau da ka gwada ta a gabana, ka fito sak ɗan sandan kan hanya na zamanin En'e. In za ka sake sayen wata, ka ari fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗin jabu da ita. Farin yadi da farin zare na zamanin nan suna walƙiya a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara haske da ake sa musu, na zamanin Lugga kuwa shiru suke yi. Ba hujja ce ta ƙarshe ba, don tsohon yadi ma in an wanke shi da garin sabulu zai yi walƙiya, amma ta fi rantsuwar jikan kuku.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kake shafa ta kana cewa "tarihi ke nan". Wane tarihi? Ai na san dalilin da Bazazzage zai so malafar Bature. A ƙarshen Janairun 1903 daga garinku Kanar Morland ya taso da dakarunsa, ya bi ta Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu ya iso Kano. Ku kuka ba su masauki da ruwan wanka, mu muka sha igwa a ƙofar gari. Na san abin da za ka ce, kullum shi kake faɗi: ai da suka zo Sarki Alu ba ya gari. E, ya tafi Sakkwato, ziyara ba laifi ba ce. Mu dai sai da aka fasa ƙofa. A bar maganar nan haka, kada mu tashi kakanni daga barci.

Ka san ma me ya sa suka maƙale wa hular nan? Tsoro. Likitocinsu na wancan zamani sun yi imani cewa ranar ƙasashenmu tana da wani haske da ke huda ƙoƙon kan Bature ya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka fita ba malafa da rana, a wurinsu, neman mutuwa ne. Har wani tsumma mai kauri suke maƙalawa a bayan riga don kare ƙashin baya. A rana guda ɗin nan kuwa kakanninmu na tafe a bayansu da akwati a ka, ba abin da ke tsakaninsu da sama sai gammo. Yaƙin Hitila ne ya tona asirin camfin: sojoji suka yi ta yawo a hamada da daji da ƙananan huluna, ba wanda ƙwaƙwalwarsa ta dahu. Zuwa 1948 an ajiye ta sai don ado, kamar yadda sojan ƙundunbalar ruwa na Ingila ke sa fara ƙal ranar fareti har yanzu. Bature da kansa ya gano camfi ne ya yar, Bazazzage ya bi baya ya tsince da kuɗin maraƙi.

Gaskiya dai ɗaya ce, ko a kan bawa sai a faɗe ta: ta Faransa ɗin nan da ka samo a Damagaram ta ƙwarai ce. Ƙirar 1931 ce, gajeriya, mai faɗin baki, ba irin doguwar 1886 mai kama da curin sukari ba. Fatar cikinta ta sha gumin wani har ta yi baƙi, kuma gumi na gaske ba a yin jabunsa cikin sauƙi. A goshinta ga anga, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa. Ka tambaye ni me anga ke yi a ƙasar da ba teku, na ce maka sojan mulkin mallakar Faransa daga rundunar ruwa suka samo asali, sai a 1900 aka sauya musu suna, suka taho da tambarinsu har cikin rairayi. Ka gyaɗa kai kamar dama ka sani. Sai dai ita ma ba ka bar ta ta huta ba. Ka sa yaro ya dirje angar da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido, ka shafa wa maɗaurin haɓa man takalmi. Razdan, dattin nan da ka kankare shi ne rabin kuɗinta. Masu wannan harka tsufa suke saye. Tsohuwar hula buroshi mai laushi kawai take so, da inuwa, da abin da zai tallafe ta daga ciki don kada nauyinta ya zauna a kan baki ya karye shi. Ka kiyaye ta da laimar damina da bushewar hunturu da asu da gara. Ƙwan fitilar nan ma da ka kunna mata dare da rana cinye launin yadin yake yi. Mayar wa Hajiya abinta, ka ga ka jefi tsuntsu biyu.

Sai ta Jamus. Kai, ta Jamus! Nan ne na ciji leɓe har ya kusa jini. Ka ɗago hular kwano baƙa mai saukowa ta rufe kunne da ƙeya, ka ce daga yaƙin Garwa aka tsinto ta. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915. Mora, wadda ta fi kowa taurin kai a Kamaru, ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. Hular ƙarfen Jamus kuwa a 1916 ta fara bayyana a ramukan yaƙi na Faransa. Ta yaya ta je Garwa kafin a haife ta? Ko ita ma aljanun Kufena ne suka kai ta? Ta farkon tana da wasu ƙahoni biyu gajeru a gefe, ƙofar iska ne, kuma a nan ake rataya ƙarin farantin ƙarfe na goshi. Ta 1935 bakinta a naɗe yake, ta 1942 an bar shi da kaifinsa don a rage aiki, yaƙi ya ci kuɗi. A gefen ciki ana buga harafin masana'anta da lambar girma, irin ET64 ko Q66. Taka ba ko ɗaya. Na ɗaga ta da yatsa biyu, alminiyam ce, ga ƙananan huji a gefe kamar na kwalbar barbaɗa gishiri. Hular 'yan kwana-kwana ce ta Jamus, ta bayan yaƙi, wadda wani ya yi wa baƙin fenti. Ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba, amma wataƙila ta kashe gobara, wannan ma jarumta ce. Kuma kada ka ji kunya da yawa: Jamusawa da kansu, da yaƙi ya ƙare talauci ya kama su, huda na gasken suka riƙa yi suna mayar da su tukwane da gwagwar tsane abinci.

In labarin Kamaru kake so na gaske, nemi na Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a ƙarƙashin Jamus, aka kama shi, ya koma rundunar Ingila ya kai samanja, ya je Habasha ya je Bama, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. Kan mutum ɗaya ya ɗauki hulunan dauloli biyu. Kai kuwa kanka ɗaya ya ɗauki ƙaryar dillalai goma.

Yanzu ga inda nake son ka saurara, ka daina murza gemu. Na duba kabad ɗin nan sama da ƙasa, duk hulunan masu ba da oda ne. Ina ta waɗanda aka ba odar? Sojan rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka ƙara wa lakabin sarauta a 1928, ba malafa yake sawa ranar fareti ba. Jar dara ce mai tuntu, da 'yar shara ja mai rawayan baki a kan kaki, da jan ɗamara, tambarin rundunar kuma bishiyar kwakwar manja. Da aka tafi Bama, sai hular daji mai faɗin baki mai laushi, wadda ake naɗe gefe ɗaya. Runduna ta 81 da ta ratsa kwarin Kaladan, tambarinta gizo ne baƙi a kan rawaya, don Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gana ke kira Ananse. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo, Razdan, wanda muka ambata ɗazu. Bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su sun shiga rundunar Chindit a 1944, can bayan layin Japan. Barikin Chindit yana nan cikin garinku, inda daffon horar da kurata yake, daffon da ke Zariya tun 1924. Kullum ta gabansa kake wucewa za ka sayo tsire. Amma ko jar dara ɗaya ba ka da ita, balle in yi maganar kwalkwali na 'yan lifida mai gashin jimina, wanda kake gani kowace sallah a hawa kana tafi, ba ka taɓa tambayar wa ke ɗinka shi ba.

Ba wa'azi nake maka ba, ni wa? Shimfiɗa ce nake yi wa ciniki.

Da na bar gidanka da yunwata, tunda laccar ba ta zo da tuwo ba, sai na shiga cikin birni gaida Goggonka. Ita kam ta san darajar ubangidan gidanku, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Muna cikin hira sai idona ya sauka bayan rumbu, inda kajinta suka yi da'ira suna shan ruwa a wani baƙin kwano mai faɗin baki, marar zurfi, kamar tasa. A tsakiyar gindinsa an toshe wani ɗan huji da tsumma da danƙo. Gabana ya faɗi. Na ce, Goggo, wannan kwanon fa? Ta ce, "Kwanon Bama? Ai na Baba Saje ne, da shi ya dawo. Da can a ciki muke auna dusa."

Baba Saje. Kakanka, Razdan. Wanda hotonsa ke rataye a zaurenku.

Na kori kajin, Allah ya ba su haƙuri, na zubar da ruwan, na juya. Ƙirar Brodie ce, wadda John Brodie ya yi wa rajista a Landan a 1915, aka yi ta da faɗin baki don ta tare ɓaraguzan bam da ke zubowa daga sama a kan mutanen da ke cikin rami. Wannan ita ce ƙanwarta ta yaƙin Hitila, wadda aka fara bugawa a 1938. Hujin da Goggo ta toshe, nan ne sukuru guda ɗaya ke riƙe kayan ciki. Na aiki wani yaro ya samo mini mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifikar rediyo, na ɗora. Ya zame ya faɗi ƙasa, ya ƙi kamawa. Haka ake so: ta fagen fama da ƙarfe mai haɗin manganis ake yin ta, shi kuwa ba ruwansa da mayen ƙarfe. Na duba bayan baki ko zan ga huji uku a jere, alamar ta Afirka ta Kudu ce, inda ake rataya ƙyallen rufe wuya. Babu. Na sa ɗan man gyaɗa na goge ƙarƙashin baki, kusa da kunnen da maɗauri ke shiga. Sannu a hankali harufa suka fito daga cikin tsatsa: BMB, 1941. Kamfanin Briggs ke nan na Dagenham, masu ƙera jikin mota, waɗanda yaƙi ya mayar maƙeran hula.

Goggo ta ga na yi tsit, ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da wani ƙunshi a tsohon ɗankwali. Littafin sallamarsa daga soja ne, da lambarsa da sunansa, da wani ɗan ƙyalle rawaya da ya koɗe, baƙin gizo a tsakiya ya baje ƙafafu. Ka san abin da masu tara irin kayan nan a Turai ke yi in suka ga hula da takardar mai ita a wuri ɗaya? Rawar jiki. Hula da sunan mai ita da inda ya je ta fi goma marasa asali. Na ce, Goggo, Razdan ya taɓa ganin waɗannan? Ta ce, "Wa? Shi in ya zo, gaisuwa ce, sai cin ɗanwake, sai labarin wani Lugga. Bai taɓa tambaya ba."

Takardun na ce ta mayar adaka ta kulle, ko ni Bakano ina da iyaka. Kwanon kuwa mun yi ciniki na mutunci. Na kawo mata sabuwar roba shuɗiya mai cin ruwa ninki biyu, da turmin atamfa, da ƙwaryar goro. Ta sa mini albarka har bakin zaure, ta ce dama kwanon yoyo yake yi.

Saboda haka, bawana, hular kakanka tana Kano, a kan teburina, na ɗora ta a kan ƙwarya don kada bakinta ya taɓa katako. Ban kankare ta ba, ban shafa mata komai ba bayan man gyaɗan nan, har da ɗan gashin kaza guda da ya maƙale a gefe na bar shi, shi ma tarihi ne. Kowa ya shigo sai ya tambaya, ni kuwa sai in ce ganima ce daga Zazzau, ramuwar 1903.

In kana so, ga sharuɗɗa. Kuɗin shara na shekara uku da kake ɓoye mini duk watan Cika-ciki, ka haɗo su cif, ban da ragi. Tangaran ɗin Hajiya su koma kabad, aƙalla bene biyu, ita za ta bugo ta shaida. Ka zo da ƙafarka, ba aike ba, ka tsaya a ƙofar gidana gaban maƙwabta ka ce "hulata" sau uku ba tare da harshenka ya karkace ba. Sannan ka taho mini da malafar Lugga. Mai gadin gonata a Kura ya daɗe yana kukan rana, kuma na riga na gaya masa kakan wani ne kukun mai ita.

Ka yi sauri, don akwai wani Banufe da ya gani ya fara tayawa. Kajin Goggo suna gaishe ka, sun ce robar ta fi.